Shagon littattafan masu bi a Sabon Garin Zariya: ku wuce kantar gaba, kayan kirkin suna can ciki

Duk wadda aka ɗora wa koyarwa a Zumuntar Mata, ƙungiyar matan ikilisiya, ta san shirya darasi ba shi ne aikin ba. Aikin yana farawa ne idan an rufe Littafi, shugaba ta ce akwai mai tambaya, hannaye suka tashi. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin ƙauye a kudancin Katsina. Ban taɓa zama a ajin makarantar Littafi Mai Tsarki ba, amma a 'yan shekarun nan ni ake turawa gaban matan ikilisiyarmu, kuma ba sa raga mini. Shi ya sa idan wata hidima ta kai ni Zariya nakan ratse wani shagon littattafan masu bi a Sabon Gari, in nemo abin da zan dogara da shi. Shagon ya cancanci a je. Amma wanda ya tsaya a bakin ƙofa ya kwashi abin da ido ya fara gani, zai koma gida da leda cike, tambayarsa kuwa tana nan inda ya bar ta.

Ba zan kama sunan shagon ba. Ba a biya ni talla ba, kuma akwai aibun da zan faɗa, ba na so a ce ni na ɓata wa dattijo kasuwa. Ɗaki ne guda mai zurfi, kanta a hagu kanta a dama, da benci ɗaya na masu jira, sai wani lungu can ciki da haske ba ya isa sosai. Mai shagon tsoho ne, kowa Baba yake ce masa. Akwai kuma wani saurayi mai taya shi, yana zaune da kwamfuta kusa da ƙofa.

Inda shagon ya fi ƙarfi shi ne Littafi Mai Tsarki kansa, a nan ba ni da ta cewa. Akwai fassarar 1979 ta Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya, wadda yawancinmu muka tashi da ita. Akwai Sabon Rai Don Kowa mai sassauƙar Hausa, wadda na ga matasa sun fi kamawa. Akwai mai haɗe da littattafan Afokirifa da 'yan Katolika ke nema, tun da nasu littattafai 73 ne, namu 66. Jefi-jefi kuma akan sami tsohuwar fassarar 1932, wadda wasu tsofaffinmu in ba ita aka karanta ba gani suke kamar ba a yi sujada ba. Ita wannan 'yar gida ce a Zariya. Likita Walter Miller na CMS, mishan ɗin Anglikan, wanda ya ja gaban aikin fassarar, ya zauna cikin birnin tun 1905, kafin mishan ɗin ya koma Wusasa a 1929. Majami'ar da aka gina da ƙasa a can a wancan zamani tana nan tsaye, ga mai son ya ƙarasa ya gani.

Kuɗi dai ya tashi, ba sai an faɗa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, naira ta karye, Littafi ya zama abin da mace za ta jira kwasar adashi kafin ta saya. Wannan ba laifin shagon ba ne. Mai saya wa uwa ko kaka ya daure ya ɗauki mai manyan baƙaƙe. Na sha ganin an kawo wa tsohuwa Littafi mai zif mai kyan bango, rubutun ciki ko ni sai da tabarau, ƙarshenta a ƙasan akwati yake kwana. Sannan a buɗe tsakiya, wajen Zabura, a duba ko ɗinki ne ko gam kawai aka shafa, domin mai gam ba ya jure zafin bazara da shiga jaka kullum. Mai babbar waya yana iya samun Littafin Hausa kyauta a manhajar YouVersion, amma a ƙauyenmu caji ma sai an biya, kuma waya ba ta zama a hannun uwar gida idan akwai samari a gidan.

Kantar gaba ita ce ba ta kwanta mini ba. Kwalaben man zaitun ne jere, ƙanana da manya, da hankici, da sitika, sai littattafan Turanci masu sheƙi, hoton marubucin ya cinye bango, duk zancensu yadda za a karya la'anar zuri'a da yadda arziki zai buɗe cikin kwana kaza. Na tambayi Baba me ya sa ya ba su wuri mafi kyau. Ya yi dariya ya ce, "'Yata, ai waɗannan su ke biyan kuɗin haya." Na gane, amma ban yarda ba. A wurin aikina nake ganin inda wannan ciniki yake ƙarewa: yaro da zazzaɓin cizon sauro, a yi ta shafa masa mai ana ɗura masa, sai ya fara jijjiga sannan a sungumo shi. Yakubu 5:14 da ake kafa hujja da ita cewa ta yi marar lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a suna shafa masa mai da sunan Ubangiji. Dattawa da addu'a ne a gaba, ba kwalba ba. Kuma Littafin nan dai shi ya ba da labarin Ishaya ya sa a ɗora wa sarki Hezekiya curin ɓaure a kan marurunsa, a 2 Sarakuna 20:7, Littafin ne kuma ya kira Luka ƙaunataccen likita.

To, ku wuce ciki. A lungun nan ake ajiye ƙananan littattafan Hausa na tambaya da amsa, da na ajin baftisma, da na shirin aure. Yawancinsu daga Jos ake kawo su. Wasu kuma malaman makarantun Littafi Mai Tsarki ne suka buga da kuɗin aljihunsu, takarda mai arha, an manne tsakiya da fil biyu. Kuɗin ɗaya bai kai na kwanon abinci a tasha ba. Iri biyu ne: waɗanda aka juyo daga Turanci, da waɗanda aka rubuta a nan gida.

Na Turancin tsaf suke, kowace amsa da ayoyinta. A kan manyan tambayoyin bangaskiya, wane ne Yesu, mene ne ceto, me ya sa muke cewa Allah ɗaya ne alhali muna ambaton Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ina amfani da su ina kuma jin daɗinsu. Ta ƙarshen nan 'ya'yanmu suna shan ta a makaranta daga abokansu, gara kuwa yaro ya iya amsawa cikin natsuwa da ladabi da ya hau faɗa. Amma da an gangaro kan zaman yau da kullum sai ka ga ba da mu ake ba. Shafi uku a kan ko ya halatta a ƙone gawa maimakon binnewa. Wa ya tambaya? Matanmu tasu tambayar ita ce: maigidana ya rasu, 'yan'uwansa sun raba gona, ni da yara ina za mu? Maƙwabciyata ta aiko da naman Sallah, in ci? Na karɓi buhun masara da damina a kan zan biya biyu da kaka, wanda ya ba ni kuwa dattijo ne a ikilisiya, wannan fa?

Na gida su suka san waɗannan tambayoyi, sai dai ba duka suka iya amsawa ba. Kafin in biya nakan nemi zancen naman Sallah, domin a nan ake gane marubuci. Wani layi huɗu ya ba shi: kada a ci, hadaya ce, ga 1 Korintiyawa 10:20-21, shi ke nan. Bai ce komai a kan ayoyin da ke biye ba, inda Bulus ya ce a ci abin da ake sayarwa a mahauta ba tare da bincike ba, kuma in wanda ba mai bi ba ya gayyace ka, ka ci abin da aka sa maka a gaba, sai fa in cin zai taɓa lamirin wani. Wani kuma, wanda na saya kuma har yau nake koyarwa da shi, ya shimfiɗa sura 8 da ta 10 gaba ɗaya, ya haɗa da Romawa 14. Ya bayyana cewa Bulus a kan gidajen gumaka na Korinti yake magana, ya bar mai karatu ya auna ko layyar maƙwabcinsa, wanda ba gunki yake yi wa yanka ba, ta shiga wannan sahu. Ya faɗi nasa ra'ayi a fili, cewa ana iya karɓa da godiya. Ya kuma ja kunnen mai ci kada ya rena wanda ya ƙi, wanda ya ƙi kada ya hukunta mai ci, kuma ko ba za ka ci ba kada ka mayar da kwano a wulaƙance. Ni ma a nan nake. A garinmu da Kirsimeti maƙwabci Musulmi muke kira ya yanka mana akuya don kowa ya ci, mu kai musu shinkafa, su kawo mana nama da Babbar Sallah. Da yawanmu ma ciki ɗaya muka fito da su. Littafin da zai sa mace ta zubar da naman da gwaggonta ta aiko, bai nuna mata dukan abin da nassi ya ce ba, bai yi mata adalci ba. Akwai fastocin da suka saɓa da ni a kan wannan, ina kuma ganin girmansu. Abin da nake nema ga littafi shi ne ya buɗe mini surar duka.

Zancen gado kuwa, a duk shagon littafi ɗaya tak na samu da ya taɓa shi da gaske, kuma don shi kaɗai ma tafiyar ta biya. Ya fara da Littafin Ƙidaya 27, labarin 'ya'yan Zelofehad mata su biyar, da suka tsaya gaban Musa suka ce don me sunan mahaifinsu zai ɓace don bai bar ɗa namiji ba, Ubangiji kuma ya ce gaskiyarsu. Abin da ya burge ni, marubucin bai ja ayar ta faɗi abin da ba ta faɗa ba. Ya yarda dokar can wanda ya mutu ba ɗa namiji ta shafa, sannan ya kawo Ayuba 42:15, inda Ayuba ya ba 'ya'yansa mata gado tare da 'yan'uwansu maza, da gargaɗin Fitowa 22:22 a kan cutar gwauruwa da maraya. Daga nan ya ce wa magidanta su rubuta wasiyya tun suna da rai, a gaban shaidu, dattawan ikilisiya kuma su daina noƙewa ranar rabon gado wai maganar dangi ce. Ranar da na karanta wannan a Zumunta ba mu tashi ba sai da duhu ya fara, domin abu ne da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya. Maƙwabciyarmu Musulma ta san rabonta: tumuni idan mijin ya bar 'ya'ya, 'yarta kuma rabin rabon ɗa namiji, kowa ya sani. Tamu gwauruwar sau da yawa sai abin da ƙannen miji suka ga dama. Abin da littafin ya rasa shi ne ɓangaren doka. Bai ambaci cewa a 2014 Kotun Ƙoli ta Nijeriya, a shari'ar Ukeje, ta soke al'adar da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta domin ta saɓa wa tsarin mulki ba. Al'adar Igbo ce aka kai ƙara a kanta, amma ya kamata mace mai bi a ko'ina ta san an yi wannan hukunci.

A kan mai mata fiye da ɗaya da ya ba da gaskiya, littattafan duk sun taka a hankali, kowanne yana kare matsayin ikilisiyar da ta buga shi. Suna kawo Farawa 2:24 da 1 Timoti 3:2, amma ta biyun nan sharaɗin shugabanci take faɗa, ba na baftisma ba, kuma ba wanda ya fito ya ce haka. Tsohuwar muhawara ce. Taron bishop-bishop na Anglikan a Lambeth a 1888 ya ce kada a yi wa irin wannan mutum baftisma. A 1988 taron ya sassauta, ya ce ana iya yi masa tare da matansa masu bi da 'ya'yansu, in ya yi alkawarin ba zai ƙara aure ba muddin ɗayarsu na da rai, kuma kada a tilasta masa saki. Ni ba hukunci nake nema a littafi ba, wannan na fastoci da majalisa ne. Abin da na nema na rasa shi ne ko shafi guda da aka rubuta wa matar ta biyu ita kanta, wadda take zuwa sujada kowace Lahadi, ta yi shara, ta yi waƙa, ranar Jibin Ubangiji kuma, wato ranar da masu baftisma ke cin gurasa tare, ta koma bencin baya.

Zakka da baiko ba sai an nema ba, Malakai 3:10 ta sha karatu. Giya ma haka. Bashin ba-da-kaka kuwa, wanda ke cinye gonakin talakawa shiru-shiru, sakin layi ɗaya na gani a kai, alhali Nehemiya 5 kamar a ƙauyenmu aka rubuta ta: mutane sun jinginar da gonaki don su sami hatsi lokacin yunwa, masu ba su bashin 'yan'uwansu ne, har Nehemiya ya tara su ya sa suka mayar. Ana koya wa talaka ya fitar da ɗaya bisa goma, ba a koya wa mai hali ya daina karɓar buhu biyu a kan ɗaya.

Wani abu da mai saye ya kamata ya sani: tsofaffin littattafan nan da sunayen fassarar 1932 suke kawo ayoyi. Za ka ga Kubawar Shari'a, Misalai, Littafin Lissafi, Ru'ya ta Yohanna, ka buɗe Littafinka na 1979 ka yi ta juya shafi ba ka gan su ba, domin a can Maimaitawar Shari'a ne, da Karin Magana, da Littafin Ƙidaya, da Wahayin Yahaya. Wanda ya daɗe a ikilisiya ba zai damu ba. Sabon mai bi kuwa, wanda dominsa aka rubuta littafin, yakan ɗauka Littafinsa ne bai cika ba. Ni da biro nake bi ina rubuta sabon sunan a gefe kafin in ba wani. Ga kurakuran bugu, sura 13 ta zama 31, kuma yawancinsu ba shekara a jiki. Duk ayar da za ku karanta gaban jama'a, ku duba ta a gida tukuna.

Akwai tambayoyin da ban sami komai a kansu da Hausa ba. Gwajin jini kafin aure na ɗaya. Ikilisiyoyi da yawa yanzu suna neman takardar gwaji, amma idan sakamako ya fito saurayi AS budurwa AS, wato kowannensu yana ɗauke da ƙwayar sikila, aka ce musu kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila, sai wani ya tsaya musu cewa rashin bangaskiya ne su fasa. Ni na san irin daren da uwar mai sikila take kwana. Ina so in ga malami ya zauna ya rubuta wa matasan nan cewa jin gargaɗin likita ba musun ikon Allah ba ne. Tazarar haihuwa, shiru. Cacar ƙwallo ta waya da ta cinye samarinmu, shiru. Sai babbar, kuɗin fansa. A yankinmu ba wanda bai san gidan da aka sayar da shanu da gona don a karɓo mutum daga daji ba. Ya halatta a taɓa asusun ikilisiya? Matar da ta dawo da ciki fa, yaya miji da jama'a za su karɓe ta? Wanda ya san infoma a cikin gari, gafarar da ake wa'azi ta hana shi faɗa wa hukuma? Na tambayi Baba ko akwai wani abu a kai, ko da Turanci ne. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "'Yata, waɗanda suka san amsar ba su huce ba tukuna, balle su zauna rubutu." Ya buɗe mini Romawa 12 daga aya 17, ya ce in zarce cikin sura 13 kada in tsaya inda aka raba, domin hana ramuwa da aikin hukuma na hukunta mugu magana ɗaya Bulus yake yi. Da wannan na koyar, kuma ya riƙe mu.

Baba kansa shi ne rabin darajar shagon. Ka zo da tambaya, farkon abin da zai ce shi ne, "Wace ikilisiya?" don kada ya ba ɗan Anglikan littafin da ke hana baftismar jarirai, ko ya ba ɗan Baftis littafin da ke koyar da ita, a koma gida a rikita aji. Na taɓa ji ya hana wani saurayi sayen babban littafi mai tsada, ya ce masa, "Ɗana, karanta Markus tukuna, sura 16 ce kawai, ka dawo mu yi magana." Ɗan kasuwar da zai mayar da kuɗi haka ba shi da yawa. Sai dai komai a kansa yake. Ba jerin kaya, ba farashi a jikin yawancin littattafan, in ba ya nan saurayin sai ya ce babu alhali akwai. Kuma Baba akwai labari. Mai son kama motar Funtuwa da rana ya faɗa masa tun da wuri, domin hanyar ba ta tafiyar dare ba ce yanzu.

Saurayin tasa sana'ar daban ce, kuma ga matan ƙauye ta fi littattafan amfani, tun da da yawa cikin 'yan Zumuntarmu ba sa karatu. Yana zuba sauti a memori: karatun Sabon Alkawari da Hausa, waƙoƙin Zumunta, wa'azi, da shirye-shiryen tambaya da amsa da aka naɗa. A sa shi a ƙaramar rediyo mai cin memori, mace tana ɓarar gyaɗa tana saurare. Karatun Littafin ya fita sarai, murya a natse. Wata tsohuwa da ba ta taɓa riƙe fensir ba, yanzu ita ke gyara mini in na tsallake aya a Matiyu 5. Sauran kayan ne a hargitse. Ba suna a kan komai sai lambobi, ba ka san wa ke magana ba ko daga wace ikilisiya. Kana cikin jin dattijo yana bayyana Galatiyawa a tsanake, sai na gaba ya ɓarke da ihu wai duk wadda ba ta haihu ba kishiyar uwarta ce ta ɗaure ta. Irin wannan ya shiga kunnen matar da ta daɗe tana neman haihuwa, kun san abin da zai tayar a gida. Shi ya sa nake sa shi ya zuba mini Littafi da waƙoƙi a memori ɗaya, tambaya da amsa a wani dabam, in saurara da kaina kafin in ba kowa. Yakan ce, "Mama, ai duk maganar Allah ce," amma yana yi. Ku zo da naku memorin mai kyau, domin masu arhar da yake sayarwa sukan mutu ba sallama, ku kuma sa ya kunna muku farko da tsakiya da ƙarshe kafin ku biya. Ko mawaƙan da aka kwafi waƙoƙinsu suna samun ko sisi? Na tambaya, ya sosa ƙeya.

Shagon ba ya buɗewa ran Lahadi. Ana karɓar kuɗi hannu ko a tura ta waya. Ba a cika taya Littafi Mai Tsarki ba, amma in ikilisiya ce ko Zumunta za ta sayi da yawa, kamar na kyautar masu baftisma ko littafin waƙoƙi, Baba yana ragewa. Abin da babu yakan sa a kawo daga Jos in an ba da kafin alƙalami, sai dai a yi haƙuri, mako biyun nasa yakan zama wata. Gab da Kirsimeti kaya sukan ƙare, gara a zo da wuri. Littafin da aka samu shafi ya ɓace ko an buga a juye ana canzawa, da sharaɗin ba a rubuta komai a ciki ba, don haka a duba shi daga Farawa zuwa Wahayi kafin a sa suna a bango.